Kawuna da Mutanen Bayan Makaranta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, wan mahaifiyata, tsohon hedimastan firamaren unguwarmu a nan Suleja, ya amsa kiran Mahaliccinsa a tsakiyar daminar nan. Na zauna a tabarmar karɓar gaisuwa har aka yi addu'ar bakwai, kuma na ga abin da ban taɓa gani a gidan mutuwa ba. Mutum zai zo ya durƙusa ya yi mana gaisuwa, a shafa fatiha, ya tashi ya sa takalmi. Maimakon ya nufi bakin titi inda ake samun keke da babur, sai ka ga ya karkata ta lungun makaranta. Zai je ya tsaya a bayan ajin ƙarshe, ya harɗe hannu a baya, ya yi ta kallon wani fili da babu komai a cikinsa sai ciyawa da itacen ɗorawa guda ɗaya. Ba mai ɗaga murya a wurin. Har 'yan acaɓa kashe inji suke yi su tura babur da ƙafa idan za su gifta.

Masu gaisuwar ba bakinsu ɗaya ba a kansa. Tsofaffin ɗalibansa, wasu da furfura, suna ta tuna yadda yake gane rubutun kowa ko an ɓoye suna. Wani babba a unguwa kuwa ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, amma fa shi ya kai ƙararmu Minna." Bai daɗe da tashi ba wasu suka iso daga Minnar da mota mai sanyi, ɗayansu ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. Saura kaɗan ya hana yara aji." Wallahi raina ya ɓaci har kunnena ya yi zafi. Na haɗiye ne don ba a gardama a kan tabarmar makoki. Abin da na haɗiye shi ne nake rubutawa, don kada a wayi gari kowa yana ba da labarin Kawu yadda ya yi masa daɗi.

Filin nan tsohuwar maƙabarta ce. An daina binnewa a cikinta tun kafin a haife ni, tun gari bai iso wurin ba. Mu kuwa ba ma sa dutse mai suna a kan kabari. Tudun ƙasa ne da ɗan kasko ko reshe a wajen kai, ruwan sama ya yi ta dukansa shekara da shekaru har ya baje. Da aka gina makarantar sai aka haɗa da wurin a cikin iyakarta, don a lokacin babu mai so. Iya, wadda ta haifi Kawu da Innata, tana ciki. Ƙannensu biyu da ƙyanda ta ɗauke a shekara guda suna ciki. Sauran kuwa Kawu ne kawai yake iya faɗa maka wane ne a ina, don tsararrakinsa sun kusa ƙarewa. Unguwar ta cika da baƙi daga Kano da Zariya da Katsina masu aiki a Abuja, su fita da asuba su dawo a gajiye, ba su ma san akwai wani fili a bayan makarantar 'ya'yansu ba.

"Mutanen baya" yake ce musu, kamar yana maganar maƙwabta. Ko bayan ya yi ritaya, kullum da hantsi sai ya bi ta wurin. Zai tsaya a bakin ciyawar ya yi sallama, sannan ya yi shiru, kansa a ɗan karkace, daidai tsawon lokacin da mutum zai amsa. Idan zai shiga sai ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu. Kuma ba ya tafiya miƙe. Ya ɗan yi gaba, ya kauce hagu, ya ɗaga ƙafa ya tsallake abin da kai ba ka gani, ya yi gefe-gefe kamar mai ratsa ɗakin da baƙi suka kwana a ƙasa. Tun ina yaro idan ƙwallonmu ta faɗa can ba mu bin ta. Sai mu tsaya cirko-cirko har Kawu ya zo ya ɗauko mana, bai taɓa yi mana faɗa a kan haka ba.

Akwai shekarar da aka turo wata malama baƙuwa, 'yar Katsina, aka ba ta ajin ƙarshe, wanda tagoginsa suke kallon filin. Ba ta yi wata guda ba ta ce a canja mata makaranta. Ta ce idan rana ta take, aji yakan yi tsit haka kawai, yaran layin taga su juya kai gaba ɗaya su kalli waje, alhali babu kowa. Canjin malami kuwa ba a hannun hedimasta yake ba, ba a hannun iyaye ba, sai an je Minna an jira. Da labarin ya kai wa Kawu sai ya ɗauko kujerarsa 'yar tsugunno ya kafa a ƙarƙashin tagar daga waje. Kullum rana tsaka yana nan da carbinsa, bayansa jingine da bango, har zangon karatun ya ƙare.

Ya ce mata, "'Yata, ba su da mugunta. Muryar yara suke so. Idan kin ji shirun ya sauko, sa su rera karatu da ƙarfi, zai wuce."

Na tambaye shi ko da gaske ya yarda da wannan magana ko lallashinta kawai yake yi. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ɗan Abuja, je ka kama layin mota kada ka makara." Haka yake kirana tun da na samu aiki a can, yana ƙarawa da cewa sunan ma aro muka yi daga garin nan. Malamar ba ta tafi ba. Tana cikin matan da suka fi kowa kuka ranar da ya rasu.

Duk rayuwar aikinsa ƙorafinsa ɗaya ne: makaranta ba ta san mai ita ba. Iska ta yaye kwano, ka je ofishin gida na ƙaramar hukuma a ce na jiha ne, ka kama hanyar Minna a ce koma gida. Malami ya yi makonni bai leƙo aji ba, iyaye suna gani da idonsu amma ba su da bakin magana. Da aka zo da tsarin kafa kwamitin unguwa a kowace makaranta, iyaye da liman da mata da dattawa, Kawu ya yi murna har ya ɗinka sabuwar riga don zaman farko. Amma ko a ranar sai da ya ce mani, "Kada a bar wa Minna ita kaɗai, don ba ta san wurin ba. Kada kuma a bar mana mu kaɗai, don mu mun san shi har mun san abin da zai yi a kasuwa." Na ɗauka surutun tsofaffin malamai ne, na ce to, na ci gaba da danna wayata.

Shugaban kwamitin taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, tare suka tashi. Idan suka haɗu unguwa sai ta sani. Kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawansa ne, wannan ya fizge hular wancan, wancan ya ɓoye masa sanda, tsofai da jikoki amma kamar yara. To, ƙasa ta yi tsada a Suleja, kowane lungu ya zama shago ko ɗakin haya. Sai taubashin ya kawo shawarar a jera shaguna a filin baya ta gefen lungu, a riƙa gyara makaranta da kuɗin haya. Makarantar tana bukatar gyaran, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai kafin a zauna taron, kusan kowane ɗan kwamiti ya riga ya san shagon da zai zama nasa.

Ina wurin, don 'yata tana makarantar. Dattawa sun matsu a kan bencin yara, gwiwoyinsu a sama. Taubashin ya ce, "Kaburburan nan guda nawa ne ma? Biyu ko uku a gindin ɗorawa. A zagaye su da bulo, sauran a amfana da shi."

Kawu ya ce, "Cike yake."

"Kai ka ƙirga, bawana?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Ƙanwarka da ta rasu tana goye, a ina aka sa ta?"

Fuskar taubashin ta canja. Ya miƙe har bencin ya kife, ya ce, "Kada ka ƙara sa ta a bakinka." Aka ɗaga hannu a kan shawarar, Kawu kaɗai ne bai yarda ba. Daga ranar wasa ya mutu a tsakaninsu. Idan suka haɗu a ƙofar masallaci sai ka ji "Ina kwana, Malam," "Lafiya lau, Alhaji," cikin ladabi. Ni da na san su, zagi ya fi mani wannan gaisuwar daɗin ji.

Ni na kai Kawu Minna a motata, muka sha ramukan hanya. Ya shaida wa ofishin da ke kula da makarantu cewa ana shirin yanka filin makaranta, suka ce za su turo mai dubawa. A hanyar dawowa ne ya buɗe mani cikinsa. Ya ce idan ya ce musu maƙabarta ce, za su ce ba ruwan ofishin ilimi da maƙabarta, su cire ta daga iyakar makaranta su mayar wa mutanen gida. Mutanen gidan kuwa su ne masu shagunan. Hanya ɗaya ce jiha za ta sa hannu ta kare wurin: ya zama filin wasan yara, babu komai a ciki.

Na ce, "Kawu, ai ƙarya ke nan."

Ya ce, "Na sani. Tuƙi kake yi ko wa'azi?"

Mai dubawar ya zo da rana tsaka, matashi mai ladabi, da farar riga. Muka tsaya a bakin ciyawar. Kun ji ikon Allah, sai ga taubashin, wanda ya ce kabari biyu ne ko uku, shi ne yanzu yake rantsuwa cewa wurin tsohuwar maƙabarta ce ta unguwa, ba ta makaranta ba. Ya gane lissafin da Kawu ya gane. Matashin ya rasa na ɗauka, ya juyo ya ce, "Baba, kai ne ka riƙe makarantar nan shekaru. Akwai mutane a nan?"

Kawu ya ce, "Babu kowa."

Matashin ya ci gaba da kallonsa, bai gamsu ba. Sai Kawu ya gyara hularsa ya shiga filin da takalminsa a ƙafa. Bai yi sallama ba. Ya miƙe sak, bai kauce ba, bai tsallake komai ba, ya bi ta gindin ɗorawar ya kai ƙarshe, ya juyo ya sake biyo sawunsa. Yaran ajin ƙarshe suna cikin rera karatu sai suka yi ɗif a tsakiyar kalma, babu wanda ya tsawata musu. Ko ganyen ɗorawar bai motsa ba. Ƙarar takalminsa a kan ciyawa kawai muke ji. Da ya fito leɓensa ya yi fari, amma muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya ce, "Ka gani? Filin wasa ne."

Jiha ta kafa allonta, ta ce fili na makaranta ne, wanda ya taɓa zai gamu da hukuma. Shaguna suka sha ruwa. Na je ina yi masa barka, ya ɗaga mani hannu ya ce in bari.

Tun daga ranar bai ƙara yin sallama a wurin ba. Ya canja hanya, yana zagayawa ta bayan masallaci ko da ya fi nisa. Sai kuma ƙafafunsa suka kama sanyi. Ana tsananin zafin bazara, mutane suna kwana a tsakar gida, shi yana cikin safa biyu, matarsa tana dafa ruwa tana gasa masa. Likita ya ce ciwon suga ne, kuma na yarda da likita, na sayi maganin da hannuna. Amma wata rana ina matsa masa tafin ƙafa, sanyi ƙalau kamar randa, ya ce da ni a hankali, "Na taka Iya. Na san daidai inda take, kuma na taka."

Na ce ai don ya cece ta ya yi, Allah ya ga zuciyarsa. Ya ce Allah ya gani, amma ita ba a tambaye ta ba.

Bayan damina biyu sai ga albishir daga Minna: za a gina wa makarantar sababbin azuzuwa da bayi. Iyaye suka yi ta murna, kuma suna da gaskiya. Yara sun fi ƙarfin azuzuwan, 'yata ma a ƙasa take zama, 'yan mata kuwa sai sun koma gida idan fitsari ya kama su. Amma zanen ginin a can aka yi shi. Wanda ya zana ya duba ina ne babu komai a harabar, ya ga filin wasa, ya ɗora ginin a kai. Ramin masai kuwa a gindin ɗorawa ya faɗa.

Muka sake komawa Minna, Kawu yana dogara sanda. Matashin nan ne muka tarar, an ƙara masa girma. Ya tashi ya ba Kawu kujera, ya sa aka kawo ruwa, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Baba, da bakinka ka ce mani babu kowa. A gabana ka taka wurin." Ba da izgili ya faɗa ba, ni ma da ni ne abin da zan ce ke nan. Ya ce idan akwai shaida a kawo, in babu ba zai iya hana yara aji saboda magana ta canja ba. Muka dawo wurin kwamiti. Ashe kwamitin ba shi da ta cewa a kan inda za a sa gini, aikinsa ya karɓi mabuɗi idan an gama. Taubashin kuwa ko kallon Kawu bai yi ba, ya ce, "Ai ka ce babu kowa, Malam. Mu ma mun yarda da kai."

Haushi ya kama ni. Na ce da Kawu shaida ai ba ta da wuya, a samo yara biyu da diga a tona wuri ɗaya kowa ya gani, magana ta ƙare. Ya kalle ni kallon da bai taɓa yi mani ba. Ya ce, "Ka taɓa jin an tone kabari don a ci gardama? Ƙasar nan ba a sa mata ƙarfe sai idan akwai gawa a ajiye tana jira." Na je wurin liman ko zai sassauta, ya maimaita mani maganar kusan kalma da kalma. Na dawo ina tsaki, don a ganina injin ɗan kwangila ba zai tambayi liman ba.

Yashi ya sauka, bulo ya sauka. Aka kafa fegi aka ja igiya a kan ciyawar, ana jiran injin haƙa ya iso farkon mako. A lokacin Kawu ya kwanta, ba ya iya taka ƙasa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya sa aka kira ni da liman, matarsa tana zaune a bakin gado. Ya ce mu zama shaida: idan ta Allah ta kasance, a sa shi a bayan makaranta, kusa da Iya. Matarsa ta ce ya daina irin wannan magana. Ya ce, "Kun dai ji." Washegari da hantsi ya cika. Ajali na Allah ne, ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Ana yi masa wanka ni ina bin izini a waya. Shugabar makaranta ta ce ba ikonta ba ne, in kira ofishin gida. Na ofishin gida ya ce fili yana hannun jiha, marigayin ne ma ya kai shi da kansa. Minna kuwa ranar Asabar ce, waya tana ta ƙara ba mai ɗauka. Injiniyan ɗan kwangila, wani ɗan kudu mai jin Hausa sama-sama, yana wurin da ma'aikatansa. Ya ce, "Oga, ni ba iya ce yi, ba iya ce bari." Liman ya ce wasiyya ce, kuma gawa ba ta jiran ofis ya buɗe. Shekara da shekaru Kawu yana kukan ba a san mai makarantar ba, ranar nan rashin sanin ne ya buɗe mana hanya.

Aka yi masa salla bayan azahar. Aka ajiye makarar a inuwar ajin ƙarshe. Jama'a ta cika lungu har kan tulin yashi, da 'yan unguwa da baƙi da ma'aikatan gini. Hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin amma ko ɗigo bai sauka ba, garin ya yi lumshi kamar magariba. Masu haƙa suka tuɓe takalma suka fara kusa da ɗorawa. Ba su kai gwiwa ba diga ta yi ƙwas. A da, kafin a tura ƙasa, da fasassun tukwane ake rufe gawa. Babban mai haƙan, wani dattijo, ya durƙusa ya share da hannu, sai ga bayan tukunya ya bayyana, baƙi, a kife, da wata tukunyar a jikinta. Ya yi salati ya ce a mayar da ƙasa.

Suka matsa gaba, nesa da itacen, cikin igiyar da aka ja ta sabon aji. Ƙwas. Suka rufe, suka koma can tsakiya inda ciyawa ta fi tsawo. Nan ma haka. Babu mai tari a cikin jama'ar nan. Duk inda digar ta sauka sai mu riƙe numfashi mu jira, kuma ƙarar ba ta taɓa saɓawa ba. Ina tsaye kusa da makarar, ina kallon likkafaninsa ina kallon ramukan. Daga ƙarshe suka je bakin lungu, iyakar filin, inda da shaguna za su tsaya. Tukwanen da suka fito a nan ƙanana ne, tsawonsu duka bai wuce kamu ɗaya da rabi ba.

Taubashin ya zauna daɓas a ƙasa da babbar rigarsa. Ya ce, "Ku rufe. Don girman Allah ku rufe, ya isa." Dattijon mai haƙa ya goge hannunsa a jikin wando ya dubi liman ya ce, "Malam, babu wuri. Ko na jariri babu." Injiniyan ya cire hular kwanonsa. Ba wanda ya ce masa komai, shi da kansa ya bi fegin yana tugewa ɗaya bayan ɗaya, yana tafiya a hankali yana duba inda zai sa ƙafa.

A sabuwar maƙabarta muka kai shi, can bayan gari ta wajen Tafa, cikin mutanen da bai sani ba. Taubashin ya nace shi zai shiga ya karɓe shi, duk da tsufansa. Ina riƙe da wajen ƙafafu na ji yana magana ƙasa-ƙasa yayin da yake gyara masa kwanciya. Cewa yake yi, "Ka ci ni, bawana. Ka ci ni." Da ƙyar aka fito da shi.

An mayar da ginin gaban makaranta, ya ɗan matse filin taron safe amma ya shiga, yara za su samu azuzuwansu da bayinsu. Matashin nan ya zo daga Minna da kansa ya zagaya harabar tare da kwamiti kafin a sake kafa fegi. An yi magana a gaban kowa cewa daga yanzu ba za a sa gini ba sai 'yan unguwa sun nuna wuri, su kuma 'yan unguwa ba za su taɓa ko taku ɗaya na filin ba sai jiha ta sani. Magana ce ta baki a makaranta guda, ban sani ba ko za ta daɗe, ban sani ba ko za ta kai wasu makarantun. Abin da Kawu ya yi ta roƙo ke nan da ransa ba a saurare shi ba, sai bayan ransa aka yarda.

Ni a zuciyata na gama yanke cewa dabara ce ya yi. Ya san babu wuri, ya san ba a tonawa sai da gawa, sai ya ba da tasa. Da wannan tunanin na shiga wurin Innata da yammar ranar, har ina jin wani irin alfahari. Idonta ya yi rauni, tana zaune a ƙuryar ɗaki cikin mata. Ta gane takuna ta miƙo hannu.

Ta ce, "Kun sa shi kusa da Iya?"

Na ce, "Inna, babu wuri. Duk inda aka taɓa akwai mutum."

Ta riƙe hannuna. Sannan ta ce, "Tun shekarar ƙyanda babu wuri. Ya sani."

Na ce ai shi ya sa ya yi wasiyyar, don mutane su gani da idonsu.

Ta girgiza kai. Ta ce, "Har da wannan. Amma ba ka san yayana ba, ɗan nan. Ya sa rai ne. Ya sa rai idan sun yafe masa za su matsa su ba shi wuri."

Allah ka yafe masa takun nan, ka yalwata masa inda yake kwance.